Wa Zai Wanke Inna Huraira?

Ranar da matan Hausawan Lyon suka ɗora wa Hajiya Zouera shugabancin ƙungiyarsu, ko farantan da aka ci shinkafa ba a gama wankewa ba Inna Huraira ta aika a kira ta. Tsohuwar tana zaune a lungu, jikin ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, a wannan ɗakin taro da suke amfani da shi bayan wani shagon kayan miya a unguwar Guillotière. Zouera ta zo ta durƙusa, ta tara hannu, a zatonta addu'a za a yi mata.

"Ba addu'a ba ce, miƙo hannun," in ji Inna. "Bari in matse. Kin ji wani abu?"

"Na ji kaɗan, Inna."

"Ƙarya kike, ba ki ji komai ba. Iyakar ƙarfina ke nan yau. Buta ma sai na sa hannu biyu, kuma rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa. Likita ya ce jijiya ce, ba ta dawowa. To ke da aka ba shugabanci, tambayata guda ce. In na mutu, wa zai wanke ni?"

Zouera ta buɗe baki za ta ce Allah ya ja kwana, sai ta ga idon tsohuwar, ta rufe bakinta.

Shekara ashirin da shida ke nan Inna Huraira ce mai wankan gawar mata. Duk Bahaushiyar da ta rasu a Lyon da kewaye, ƴar Nijar ce ko ƴar Najeriya, Inna ake kira. Ta ɗauki jakarta mai kafur da garin ganyen magarya da likkafani, ta hau tram, jirgin nan na cikin gari, ta je ta yi abin da ya kamata, ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba. In ban da mutum ɗaya, ba wadda ta taɓa cewa bari in koya. Inna tana nan, me za a koya?

Sai watan da ya wuce, Inna na kwance a asibiti, wata baiwar Allah ƴar garin Tawa ta rasu a Bron, nan gefen Lyon. Gawar ta kwana huɗu a firigon asibiti, inda ake ajiye gawa cikin sanyi, kafin a samu masu wanka. Matan Larabawa ne suka zo, Allah ya saka musu da alheri, sun yi komai yadda addini ya ce. Amma ƙananan kitson da ke kanta ya gagare su tsefewa, suka sa almakashi. Ƴar marigayiyar ta fito da gashin uwarta a cikin leda, ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa inda za ta kai shi. Zouera tana wurin. Ita ta karɓi ledar.

"Akwai mutum ɗaya da na koya wa," in ji Inna. "Kin san ta."

"Na san ta."

"Ban ce ki so ta ba. Ranar Laraba ba ta aiki, muna waya da ita. Ga adireshin, jikata ta rubuta."

Huseina ce. Shekara bakwai Zouera ba ta furta sunan nan ba sai in ya zama dole. A da kuwa tare suke komai, su ke tuƙa tuwon suna, su ke raka amare. Shekarar da mahaifiyar Zouera ta zo Lyon neman magani, ciwon ya ci ƙarfinta, ta cika a asibiti da hantsi. To a Damagaram ba a faɗa wa mutum mutuwa kai tsaye. Dattijo ake nema, ya je gida, a gaisa, a zauna, ya ce jiki fa ya yi tsanani, ya bar zuciya ta shirya, sannan ya faɗa. Zouera tana tsaye a barandar asibiti tana neman lambar limamin unguwarsu don ya je wurin babanta, ashe Huseina ta riga ta danna waya ta tura saƙon murya a gurup ɗin matan ƙungiya, tana kuka, tana faɗin sunan mamaciya da na mijinta da unguwarsu. Kafin minti ashirin muryar ta isa Damagaram. Malam Ilya, baban Zouera, yana kasuwa yana zaɓen albasa, ya ji sunan matarsa yana fitowa daga wayar mai albasar. Nan ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna. Ya tashi daga baya, ya ƙara shekara biyu a duniya, amma har ya koma ga Allah, in ya ji ƙarar shigowar saƙo a waya sai jikinsa ya ɗauki ɓari.

Mata suka cire Huseina daga gurup, suka daina amsa gaisuwarta. Bayan wata biyar ta haihu, ta dafa shinkafar suna ta mutum sittin, ba wadda ta taka ƙofarta. Da mijinta ya samu aiki a Paris suka tattara suka koma Bobigny, a gefen birnin. Tun daga nan shiru.

Zouera ta cusa takardar adireshin a jaka ta koma kicin. Rékia na can tana kankare ƙanzon tukunya. Ita ce mataimakiyar shugaba, aminiyar Zouera ce tun zuwansu Faransa, kuma ita ke da shagon kitso a bakin titin tram. Zouera ba ta iya kwana-kwana ba, ta faɗa mata a tsaye.

Rékia ta saki cokalin a cikin tukunya. "Wa? Huseina? Yau fa aka ba ki kujerar, Hajiya. Ki bari ta ɗumama mana."

"Inna ba ta da lokacin jiran kujera ta ɗumama."

"To sai dai a yi zama. A kira ta, a kira liman, ta tsaya gaban mata ta ce ta yi laifi. Muryar nan tana wayata har gobe. Waya uku na sake, duk ina kwaso ta."

"Shekara bakwai kina yawo da ita? Rékia, ni da aka yi wa ma ban ajiye ba."

"Don ke na ajiye."

"Na gode, Allah ya bar zumunci. To a ce an yi zaman. An kunna muryar, kowa ta yi kuka. Huseina ta kawo nata, don ita ma tana da nata, shinkafar mutum sittin da ta zubar a bola. Wannan ta ce ni ban ce ba, waccan ta ce ke ce kika fara cire ta. La'asar ta yi, a watse. Washegari Inna ta cika. Wa zai wanke ta? Muryar da ke wayarki?"

Rékia ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da kankara da ƙarfi, kamar tukunyar ce ta yi mata laifi. Can ta ce, "Mai wankan gawa sai mai riƙe baki. Abin da ta gani a jikin mutum, da shi za ta shiga kabari. Matar da ta kasa riƙe magana ta minti ashirin, ita za mu miƙa wa tsiraicinmu?"

"Yawwa, wannan magana ce. Zan je in gani da idona."

Zouera ba ta yi lakwal, wato makarantar boko, mai nisa ba. Aikinta sharar ofisoshi ne a wani dogon gini kusa da tashar jirgi ta Part-Dieu, da shi ta taya mijinta suka raini yara huɗu. Amma ta san abu ɗaya tun tana yarinya: in aiki ya tsaya a gabanka, ka fara da shi, sauran zance ya biyo baya in da lokaci. Ta nemi hutun Laraba wurin shef ɗinta, shugaban wurin aiki, ta yi sallar asuba, ta kai ƙaramin yaronta bakin lakwal, ta shiga jirgin ƙasa na Paris. Ba ta kira Huseina ba. Wanda ka kira a waya yana iya cewa ba ya nan.

Awa biyu ce tafiyar, kuma ba za a ce zuciyarta ta kwanta ba. Gonaki na wucewa ta taga, ita kuwa babanta take gani kwance tsakanin buhunan albasa, hularsa a gefe. Duk sanda hoton ya zo sai ta ja carbi, ta koma lissafa matan ƙungiya da suka haura sittin. Su tara ne. Akwai mai ciwon suga, akwai wadda aka yi wa aikin zuciya bara. Sannan ta lissafa ƴan matan da aka haifa a nan, irin ƴarta Safi da ke jami'a a Bron, waɗanda ba su taɓa ganin likkafani a buɗe ba. Kafin ta gama lissafin na biyu, hoton babanta ya ɗan ja baya. Haka ta yi ta yi har Paris.

Metro biyu ta hau, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ta sauka a ƙarshen layi, ta tambayi wata ƴar Mali mai tura keken jariri, ta nuna mata ginin. Hawa na tara. Ta danna ƙararrawa.

Huseina ce ta buɗe, da ludayi a hannu. Ta rame, furfura ta leƙo ta gefen kallabinta. Suka tsaya suna kallon juna, ludayin na ɗiga a ƙasa.

"Salamu alaikum," in ji Zouera.

"Wa alaikumus salam. Hajiya... ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ina maigidan? Ina yara?"

Suka yi gaisuwar nan cif, ba su tsallake ko ɗaya ba, har sanyi da aiki da labarin gida. Da gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage sai shiga, Huseina ta matsa gefe.

Falon ƙarami ne, tsaf. Huseina ta kawo shayi da biskit, ta zauna a bakin kujera kamar ita ce baƙuwar. Ta ce shekara shida ke nan tana aiki da wani kamfanin jana'iza na Musulmi, tana wanke ƴan Mali da ƴan Senegal da Larabawa da duk wadda aka kawo. A kan tebur akwai wata ƴar waya mai maɓallai, irin wadda aka daina yayi.

"Wayarki ke nan?" in ji Zouera.

"Ita ce. Kira kawai take yi."

Zouera ta kurɓi shayi, ta gyara zama, ta sassauta murya irin ta mai neman gulma. "Ni kuwa Huseina, an ce ke kika wanke Hajiyar nan ta Maraɗi, mai kawo atamfa, da ta rasu nan Paris bara. Ana ta magana a Lyon. Wai an ga tabo a bayanta, wai mijin ne. Gaskiya ne?"

Huseina ta dube ta ido cikin ido. "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Amma ke da kika gani..."

"Hajiya, shayinki zai huce."

Zouera ta ajiye kofin ta yi dariya, dariyar farko tun safe. "Alhamdu lillahi. Abin da na biyo jirgi in ji ke nan. Ni ban ma san ko ke kika wanke ta ba, kuma ba wanda ya ce an ga tabo, ni na ƙirƙira, Allah ya yafe mini. To saurara. Hannun Inna ya mutu. Ba mu da mai wanka a Lyon. Ina son ki zo ran Asabar ki koya wa ƴan matanmu, ki riƙa zuwa sau ɗaya a wata har su iya."

Hannun Huseina na murza bakin zane. "Hajiya, ranar nan, wallahi abin da ya sa na yi muryar nan..."

Zouera ta ɗaga hannu. "Jirgina ƙarfe huɗu ne."

"A'a, ki bar ni in faɗa! Shekara bakwai ina shirya maganar nan. Ina wanke-wanke ina shirya ta, ina cikin metro ina shirya ta. Yau kin shigo ɗakina ki ce kar in yi?"

"To bari in taya ki, mu gama da wuri. Kin yi kuskure, kin sani, na sani. Ba da mugunta kika yi ba, wannan ma na sani, kuka ne ya fi ƙarfinki waya kuma tana hannunki. Mu kuma mun ƙi zuwa sunan ƴarki, jaririyar da ba ta yi wa kowa komai ba, ni ce kuma kan gaba. Wannan laifinmu ne. Ga su nan duka biyun na faɗa, ko minti ɗaya ba a yi ba. Akwai na uku?"

Hawaye ya zubo wa Huseina. Ta share da bakin mayafi. "Kin yafe mini?"

"Ba zan yi miki ƙarya a ɗakinki ba. Ina kan hanya. Wata rana in tashi in ji na yafe sarai, wata rana in ga albasa a kasuwa abin ya dawo sabo. Ina roƙon Allah ya ƙarasa mini. Amma ba zan ce sai na gama da zuciyata sannan a nemi mai wanke Inna ba. Zuciyata ta yi ta tafiyarta a hankali, aiki kuma ran Asabar ne."

"Matan nan cinye ni za su yi."

"Harararki za su yi. Kin taɓa ganin wadda harara ta kwantar a asibiti? Yaya sunan yarinyar ma?"

"Huraira. Sunan Inna na sa mata."

"Kin gani. Shekara bakwai ban san sunanta ba." Ta buɗe jaka ta ciro turmin atamfa da ƴan kunne ƙanana, ta ajiye kusa da wayar. "Kayan suna ne. Sun makara, amma atamfa ba ta lalacewa."

Huseina ta raka ta har bakin metro. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Ta ce dai za ta duba, in ba a kawo gawa ba. Zouera ta ce, "Bayan azahar, ɗakin da kika sani," ta shige.

Ran Asabar Zouera ta shirya komai kamar an yi mata alkawari. Ta haɗa tebur biyu masu naɗewa ta shimfiɗa bargo. Ta kawo buta uku da bokiti da zannuwa. Martha, ƴar Jos mai aikin jinya, ko da yake Kirista ce, ta aiko da kwalin safar hannu ta ce a gaishe da Inna. Ƴan mata biyar suka zo. Akwai Safi, wadda uwarta ta ce mata ko ta zo da ƙafarta ko a zo da ita, akwai Aishat, ƴar Zariya mai karatun haɗa magunguna, da wasu uku. Manyan mata kuwa sun fi ashirin, don labari ya zaga, kowa ta zo ganin abin da zai faru. Rékia ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Inna na lungunta da jakar kafur a cinya.

Ƙarfe biyu ta yi. Biyu da kwata. Aka fara ƙus-ƙus.

"Maman, in ba ta zo ba fa?" in ji Safi.

"Sai Inna ta faɗa da baki mu yi da hannu, ran Laraba kuma in koma Bobigny. Jirgin bai ƙare ba."

Biyu da rabi aka turo ƙofa. Huseina ta shigo da ƴar jaka a kafaɗa, ta yi sallama. Mutum uku ne suka amsa, Zouera da Inna da Aishat da ba ta san komai ba. Huseina ta wuce kai tsaye ta durƙusa gaban Inna, tsohuwar ta ɗora mata hannun nan mara ƙarfi a ka. Sannan ta miƙe, ta wanke hannu, ta fuskanci ƴan matan. 

"Abu na farko, kafin ruwa, kafin komai. Abin da kika gani a jikin mamaciya, ba ki gani ba. Ko mijinki, ko uwarki, ba ki faɗa."

"Ikon Allah," in ji Rékia daga bakin ƙofa, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Yau ke ce za ki koya wa ƴaƴanmu riƙe baki?"

 Zouera ta so ta sa baki, ta fasa. Ba ita aka tambaya ba.

"Ni ce, Yaya Rékia," in ji Huseina. "Duk ɗakin nan ba wadda ta kai ni sanin abin da sakinsa yake jawowa."

Rékia ta taɓe baki ta kau da kai.

"To," in ji Huseina, "ana koyo ne a jikin mutum. Ba ruwa za mu zuba ba, da kayanki za ki kwanta, butar ma ba komai a ciki. Wa za ta hau tebur?"

Nan fa kowa ta samu abin kallo a ƙasa. Wata ta ce bayanta na ciwo. Wata ta ce ita mafarki take yi. Wata dattijuwa ta ce a garinsu wanda ya kwanta kwanciyar gawa da ransa ba ya ganin wata mai zuwa.

"Wannan ba ya cikin addini," in ji Inna.

"Na sani, Inna, amma dai wata ta fara."

Safi ta ja da baya har ta taka ƙafar Aishat. "Ah non, Maman, kar ki kalle ni."

Zouera ta duba agogon bango. Jirgin Huseina na komawa ƙarfe bakwai ne, ga shi ana ɓata lokaci. Ta cire takalmi, ta miƙa wa Safi jakarta da tabarau, ta ce bismillahi, ta hau tebur ta miƙe. Teburin ya yi ƙara.

"Hajiya!" in ji Rékia, ta miƙe tsaye. "Ke da kanki? A hannunta?"

"Ranar da za a yi na gaske ai ba za a tambaye ni ba. Huseina, bismillah. Gawa ta gaji da jira."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a'uzu billahi. Huseina ta ware farin zane ta rufe ta daga ƙirji zuwa ƙafa. Zouera ta rufe ido. Sai ta ji ɗakin ya yi mata nisa, ta ji sanyin tebur ta cikin bargo, ta ji ƙamshin kafur da Inna ta buɗe. Haka uwarta ta kwanta a garin nan. Wata rana ita ma haka za ta kwanta, ba ta iya jan zane ta rufe kanta, sai abin da hannun wasu ya yi mata. Tsoro ya ɗan taɓa ta, ta yi salati a zuci, ya wuce.

Hannun Huseina ya sauka a kafaɗarta. Da farko yana rawa. Inna ta ce daga lungu, "Ke, riƙe ta sosai, ba ƙwai ba ce." Hannun ya tsaya.

Huseina ta shiga bayani, muryarta na ƙara ƙarfi. Yadda ake naɗe ƙyalle a hannu, yadda hannu ke aiki a ƙarƙashin zane ido bai bi shi ba. Yadda ake danna ciki a hankali. Alwala tukuna, sannan dama, sannan hagu. Sau uku, in bai isa ba biyar, ba a tsayawa a kan biyu ko huɗu. Magarya a ruwan farko, kafur a na ƙarshe. Aishat tana rubutawa a littafi har Inna ta ce ta ajiye biron ta zo ta riƙe zane, ranar wanka ba a buɗe littafi.

"Yanzu za mu juya ta. Inna ta koya mini, kafin ki juya mutum ki faɗa masa, ko da ba ya amsawa. Hajiya Zouera, za mu juya ki. Safi, kama kafaɗa. Ke, kama ƙugu."

Ƴan matan suka kama da ƴan yatsu kamar masu ɗaukar abu mai zafi. Zouera kuwa ta saki jiki gaba ɗaya, tun da gawa ba ta taimakon kowa. Suka tura, teburan biyu suka fara rabuwa a tsakiya, ƙugunta ya nufi ramin.

"Za ku kashe ta da gaske!" Rékia ce. Ba wadda ta ga sanda ta baro bakin ƙofa. Ta tokare tebur da cinya, ta tallabe Zouera da hannu biyu, kafaɗarta na gogar ta Huseina. "Ku matsa, ba haka ake kama mutum ba. Kai, wannan gawa ta ci tuwo."

"Gawa na jin ki," in ji Zouera, ido a rufe.

Ɗakin ya fashe da dariya, har dattijuwar nan mai maganar wata mai zuwa. Aka gyara tebur. Rékia ba ta koma kujerarta ba, tun da ba wanda ya karɓi ƙugun daga hannunta.

Da aka zo kan gashi Huseina ta zame kallabin Zouera, ta tsaya. Kitson ƙanana ne, Rékia ce ta yi shi sati biyu da suka wuce. "Ana tsefewa, a wanke, a kama shi gida uku," in ji Huseina. "Amma ni a nan ina daɗewa. Yaya Rékia, kin fi ni hannu."

Rékia ta dube ta sama da ƙasa. Sannan ta zaro tsinken tsifa daga cikin gashinta, inda yake zama kullum. "Ku matso, ku ƴan mata. Daga ƙasa ake farawa, ba a ja. In na ji wadda ta ambaci almakashi, ni da ita ne." Ta tsefe guda biyu tana nunawa, ta miƙa wa Safi tsinken. Zouera ta ji yatsun ƴarta a kanta, suna lalube, suna kuskurewa, suna sake kamawa.

Sai da aka naɗe ta a likkafani aka ɗaure, aka kwance, sannan Huseina ta ce an gama. Zouera ta tashi zaune, rabin kai a tsefe, ta ce wa Inna, "To, Inna, kin ga hannuwan. Sun yi miki?"

Tsohuwar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba. "Da saura. Waccan tana tsoro, Safi kuma gaggawa gare ta kamar uwarta. Amma za su yi. Ku ji nan, kowa ta zama shaida. Huseina ta wanke ni. In jirgi ya makarar da ita, kar a ajiye ni a firigo ana jira, Safi ta wanke. Aishat ta riƙe zane, Rékia ta yi kai. Kuma ruwan da ɗumi, na sha sanyin ƙasar nan ya ishe ni."

"Ni fa, Inna?" in ji Zouera.

"Ke ki tsaya a bakin ƙofa ki karɓe wayar kowa, sai an aika dattijo gida."

Huseina ta sunkuyar da kai, amma tana murmushi. Rékia ta mayar da tsinkenta cikin gashi.

Zouera ta sauko ta zura takalmi, ta ɗaura kallabi a kan rabin kitson. Ta sake duba agogo. Akwai sauran awa biyu kafin jirgi, in an cire la'asar.

"Asabar ta farkon kowane wata, nan, bayan azahar. Wadda ke da ƴa ta kawo ta. Yanzu a sake daga farko, ba mai faɗa muku komai. Huseina, hau tebur. Safi, ɗauki buta."